NANA ASMA'U 'YAR SHEHU (1793–1864): MALAMAR DA TA KAI ILMI HAR BAKIN MURHU

Gabatarwa

A wannan fitowa, filinmu na tarihin magabata zai waiwayi rayuwar wata baiwar Allah wadda kowannenmu ya san sunanta tun yana firamare, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san ainihin aikin da ta yi, wato Nana Asma'u ɗiyar Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi musu rahama. Mu mutanen Tambuwal da Kebbe muna da hannu a cikin wannan tarihi, domin kuwa Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wanda ya riƙe ribaɗin Tambuwal, kuma zuriyarsa ke riƙe da sarautar garin, yayanta ne uba ɗaya. Da ya rasu, ita ce ta yi masa waƙar ta'aziyya da Fillanci. Saboda haka labarin Nana labarin gida ne.

A zamanin nan ana yawan maganar 'yancin mata a rediyo da jaridu da jami'o'i. Masu nazarin wannan fanni sun daɗe da lura cewa mata ba duka suka taru suka zama ɗaya ba: akwai ɗiyar sarauta akwai ɗiyar talaka, akwai 'ya akwai baiwa, akwai matar birni akwai ta ƙauye, kuma kowace da irin nauyin da take ɗauke da shi. Abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne, Nana ta ga wannan bambanci da idonta tun kusan shekara 200 da suka wuce, ta kuma nemo masa magani daga abin da mata suka fi sabawa da shi, wato waƙa.

Haihuwarta da tasowarta

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel cikin ƙasar Gobir a shekarar 1793. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan. A bisa al'ada da Husaina za a sa mata, amma Shehu ya zaɓa mata sunan Asma'u ɗiyar Sayyadina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta guzuri a lokacin hijira.

Gidan da ta tashi gida ne na karatu, maza da mata. Yayarta Hadiza malama ce da har ta juya littafin Muhtasar na Halil zuwa Fillanci. Shehu kansa ya sha suka a kan barin mata su halarci wa'azinsa. Wani malami mai suna Mustafa Goni ya taɓa aiko da waƙa yana neman a hana su zuwa, sai Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar masa da amsa, inda ya nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi wannan haɗuwa muni. Haka kuma a cikin littafinsa Nurul Albab, Shehu ya yi kakkausar suka ga malaman da ke tara ɗalibai a zaure don neman suna, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata da bayinsu a cikin duhu kamar kayan aikin gida. A lura da kyau, har bayi Shehu ya ambata. Wannan ita ce tarbiyyar da Nana ta sha tun da nono.

Ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da hadisi da tasawwufi a kan ɗariƙar Ƙadiriyya. Ta iya Larabci da Fillanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye.

Ƙuruciyarta ba ta hutu ba ce. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A wannan shekara aka yi yaƙin Tafkin Kwatto da na Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada. Jama'a ta yi ta ƙaura cikin yunwa da cuta, daga nan zuwa can, har ta sauka Gwandu, nan maƙwabtanmu, a 1805. Yarinyar da ta ga gwauraye da marayu sun cika sansani ba ta bukatar a ba ta labarin abin da yaƙi ke yi wa mata.

Aurenta

A wajen shekarar 1807 aka aurar da ita ga Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Bayan an ci Alƙalawa a 1808, Shehu ya zauna Sifawa, wadda duk mai zuwa Sakkwato daga Tambuwal yake ratsa yankinta, sannan ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817. A wannan shekara kuma Nana ta rasa abokin tagwaicinta Hassan.

Gidan Waziri gida ne na baƙi. A hannun Giɗaɗo Baturen nan Kilafatan ya sauka a zuwansa na 1824, da kuma zuwansa na biyu wanda ya rasu a cikinsa a 1827. Malamai daga ƙasashe masu nisa su ma sukan sauka, har akwai wani malamin Shingiɗi, cikin ƙasar Muritaniya ta yau, da suka yi musayar waƙa da Nana cikin Larabci. Ita da maigidanta sun yi aikin tattara rubuce-rubucen Shehu da adana su, shi kuma Giɗaɗo ya rubuta Raudul Jinan a kan karamomin Shehu. Allah ya ba su 'ya'ya maza, daga cikinsu akwai Abdulƙadir da Abdullahi Bayero, waɗanda duk suka yi Waziri. Marigayi Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, daga tsatsonta ya fito.

Harshe uku, jama'a uku

Nana ta bar rubuce-rubuce kimanin 60, mafi yawansu waƙoƙi. Na farko da aka sani shi ne Tanbihul Gafilin, wanda ta rubuta da Larabci a 1820. Amma abin lura a nan shi ne yadda take zaɓen harshe gwargwadon wanda take son ya ji. Idan da malamai take magana, sai ta yi Larabci. Idan da danginta da jama'ar Shehu ta farko ne, sai ta yi Fillanci. Idan kuwa talakawa take nufi, mutanen ƙauye da matan cikin gida, sai ta yi Hausa.

Dalilin haka a fili yake. Bayan jihadi, Sakkwato da Wurno da ƙauyukan da ke kewaye da su sun cika da mutane iri-iri: Gobirawa da Zamfarawa da Kabawa da Adarawa da sauransu. Da yawa daga cikin matan an kamo su ne a wurin yaƙi, suka shiga gidaje a matsayin bayi ko ƙwaraƙwarai. Yaƙin Gawakuke kaɗai, wanda Sarkin Musulmi Bello ya yi da Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye a 1836, ya kawo ɗimbin irin waɗannan mata. Ba su jin Larabci, ba su jin Fillanci, ba su da lokacin zama gaban allo, ga daka ga niƙa ga ɗibar ruwa. Su ne kuma masu renon 'ya'yan da za su gaji daular. Idan aka bar su a baya, to an yi tufka ana warwara.

Mace mai daka ba ta iya riƙe littafi, amma bakinta yana iya waƙa. Dama can matan ƙasar Hausa da waƙa suke aiki, da waƙa suke reno, da waƙa suke faɗa wa kishiya magana. Sai Nana ta bi ta wannan ƙofa. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikin baiti 30, ta yi ta da Fillanci, ta mayar da ita Hausa, ta kuma yi ta da Larabci. Ta juya waƙar Shehu ta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, wadda ke jan kunnen masu mulki da alƙalai da talakawa baki ɗaya. Ta yi Begore a kan tarihin Manzon Allah (SAW), ta yi Godaben Gaskiya a kan farillai da halaye na gari, ta yi waƙoƙi a kan tsoron Alƙiyama. Waƙarta ta tarihin Shehu da jihadi, wadda ta yi da Fillanci, ƙanenta Isa ɗan Shehu ya mayar da ita Hausa, aka san ta da suna Waƙar Gewaye. Mace tana iya haddace waɗannan duka ba tare da ta taɓa riƙe alƙalami ba, ta kuma koya wa ɗiyarta suna bakin murhu.

Akwai kuma waƙar da ta yi bisa roƙon Bello, daga littafinsa na nasiha, wadda a Hausa ake kira Tawassuli ga Mata Masu Albarka. A ciki ta jero matan Manzon Allah (SAW) da 'ya'yansa, da waliyyai mata irin su Nana Nafisa ta Masar da Rabi'atul Adawiyya ta Basra, wadda ita kanta baiwa ce aka 'yanta. Sannan ta haɗa da malamai mata na ƙasarmu da ta sani, irin su Joda Kawuri da 'Yar Hindu da Habiba. Baiwar da ta ji wannan waƙa za ta fahimci cewa bauta ba ta hana wata kai wa matsayin waliyyai ba.

'Yan Taru da malfar jaji

Babban aikin da ya fi fito da sunan Nana shi ne tsarin 'Yan Taru, wanda ta kafa daga shekarun 1830. Matan aure masu ƙananan yara ba su iya barin ɗakunansu su yi tafiya mai nisa. Saboda haka sai ta zaɓi dattijai mata masu hankali da amana daga ƙauyuka, ta naɗa kowace shugabar matan garinsu, ana kiranta jaji, wato irin sunan da ake kiran jagoran ayarin fatake. Jaji takan taho da tawagarta, tsofaffin da suka wuce haihuwa da 'yan mata da ba su kai aure ba, su zo wurin Nana a ƙasa, wani lokaci tafiyar kwanaki. Sukan zo da sadaka daga matan da ba su samu zuwa ba: hatsi da zuma da man shanu da zare da sawaye. Nana kuma sai ta rarraba wa makafi da guragu da gwauraye da marayu. Su zauna su koyi waƙa, a warware musu ma'anarta, su kawo tambayoyi da ƙorafe-ƙorafen matan garinsu a ba su amsa, sannan su koma su shiga gida-gida suna koyarwa. Bayan karatu, 'Yan Taru sukan yi jinyar marasa lafiya, su taimaki mai naƙuda, su yi wa mata wankan gawa, su share masallaci, su sasanta masu faɗa.

Alamar jaji ita ce malfa da aka naɗe da jan rawani, kuma a nan ne hikimar Nana ta fi fitowa. A ƙasar Gobir akwai sarautar Inna, wadda 'yar gidan sarauta ke riƙewa. Ita ce shugabar mata, ita ce kuma uwar 'yan bori, tana da fada da mabiya, kuma malfa tana cikin kayan girmanta. Kowace Bagobira ta san abin da malfa a kan mace take nufi. Nana ba ta jefar da wannan alama ba. Ta ɗauke ta, ta ɗaura mata rawanin malanta, ta ɗora a kan tsohuwar ƙauye wadda ba ta gaji sarautar komai ba. Duk inda jaji ta ratsa da malfarta, maza su kauce mata, mata su tashi su tarbe ta.

Game da bori kuwa, ta san abin da ke kai mata can: ciwo, da rashin haihuwa, da mutuwar 'ya'ya, da baƙin cikin zaman gida. Hani kawai ba ya raba mai ciwo da inda yake samun sauƙi. Don haka a 1839 ta rubuta Tabshirul Ihwan da Larabci, inda ta tattara ayoyi da addu'o'in neman waraka domin malamai masu ba da taimako, har da abin da ya shafi masu ciki da masu naƙuda. Ta kuma yi waƙar Roƙon Ruwa da Hausa domin lokacin fari.

Waƙoƙin ta'aziyya

A al'adarmu, sarki da attajiri da jarumi ake yi wa waƙa. Nana ta yi wa manya ta'aziyya, kamar baffanta Abdullahin Gwandu da ya rasu a 1829, da Bello da ya rasu a Wurno a 1837, da Buharin Tambuwal, da maigidanta Giɗaɗo. Amma kuma ta yi wa Halima maƙwabciyarta, mace mai haƙuri da sada zumunci. Ta yi wa Zaharatu, wadda ke zuwa wurin masu haihuwa da wankan gawa ko da wane lokaci aka kira ta. Ta yi wa Hawa'u, ɗaya daga cikin jajinta, wadda ta yi shekaru tana kai da komo da ayarin mata. Waɗannan mata ba su da sarauta, ba su da dukiya, kuma da ba don alƙalamin Nana ba da babu wanda zai san sun taɓa rayuwa. Ko a waƙoƙin manyan ma, abin da ta fi yabawa shi ne ilmi da adalci da tausayin talaka.

Nana da masu fafutukar mata na zamani

A zamanin da Nana ke karɓar jajinta a Sakkwato, matan Amurka suka yi babban taronsu na neman haƙƙi a 1848. Bayan shekara 3, a 1851, wata baƙar fata mai suna Sojourner Truth, wadda aka haifa cikin bauta, ta tashi a wani taron mata a jihar Ohayo ta tunatar da su cewa macen da ta yi noma ta sha bulala ita ma mace ce. Wannan muhawara ba ta mutu ba. A 1981 Angela Davis ta fitar da littafi a kan mata da launin fata da matsayin arziki, inda ta nuna yadda fafutukar matan masu hali takan manta da mai aikatau da baƙar fata. A nan gida ma an kafa ƙungiyar WIN a Zariya a 1982, wadda ta haɗa maganar mata da maganar talauci, sannan aka kafa FOMWAN a Minna a 1985 domin mata Musulmi su yi magana da bakinsu.

Wasu marubuta sukan sa Nana a sahun waɗannan mata, wasu kuma su ce sam. Adalci shi ne a auna ta da ma'aunin zamaninta. Nana ba ta nemi a rushe tsarin gida ko na mulki ba. A cikin shari'a ta tsaya, daga cikinta kuma ta ciro hujjar cewa ilmi haƙƙin kowace mace ne. Ta rayu a cikin daular da ke da bayi masu yawan gaske, a gidan Waziri da ke da nasa bayin, ba ta kuma yi kiran a hana bauta ba. Sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Ta yi waƙar murnar nasarar Gawakuke, yaƙin da ya raba mata da yawa da garuruwansu. Haka kuma borin da ta yaƙa, ko da yake ya saɓa wa addini, fage ne da matan da ba su da kowa suke samun murya da abin hannu. Faɗin waɗannan ba ya rage mata daraja. Abin da ta yi a cikin wannan hali shi ne ta ƙi yarda a ce akwai macen da asalinta ko harshenta ko talaucinta ya sa ba ta cancanci a koya mata ba. A gidan Shehu kansa an ga amfanin haka: Maryam da Isa, 'ya'yan Mariya ƙwarƙwarar Shehu, su ne suka fi kowa riƙe aikin Nana a bayanta.

Rasuwarta da abin da ta bari

Nana Asma'u ta rasu a Sakkwato a 1864 tana da shekara 71, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam, wadda ta taɓa auren Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru, bayanta kuma Tamodi ta karɓa. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, suka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina a 1930, suna ganin kamar su ne suka fara kawo wa matan Arewa karatu, alhali jajis suna nan suna kai da komo a gabansu ba su lura ba.

Wata malamar makaranta Baturiya, Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ita ce ta fito da tarihin Nana ga duniya, bayan Waziri Junaidu ya buɗe mata taskar littattafan gidansu. Ta buga littafin tarihinta a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucenta suka buga a 1997. Sanadiyyar haka har wasu mata Musulmi baƙaƙen fata a birnin Pittsburgh na Amurka, jikokin bayi, suka kafa ƙungiya da sunan 'Yan Taru. Ikon Allah ke nan.

Kammalawa

'Yan'uwa, hanyar da Nana ta bi ba ta toshe ba. Marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya ta riƙa faɗa wa mata su kama sana'a. Balaraba Ramat Yakubu da littattafan hikaya ta kai kukan auren dole da wulaƙancin zawarci cikin ɗakunan mata. Finafinan Hausa da wayar hannu sun shiga inda malamin makaranta bai taɓa shiga ba. Tambayar ita ce, me ake zubawa a cikinsu, kuma wace mace ake nunawa? Sau da yawa ɗiyar mai kuɗi ce a gidan bene, ita kuwa 'yar ƙauye da 'yar aiki sai dai a yi dariya da su.

Mu da Allah ya ba damar zama a aji, akwai bashi a kanmu. Kowannenmu ya tuna 'yan matan da muka fara firamare tare da su a Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna da Kebbe da Kuchi, ya ƙirga nawa ne suka kai sakandare. Yawancin waɗanda aka cire ba 'ya'yan ma'aikata ba ne, 'ya'yan manoma ne da makiyaya da masu talla. Ina ba uwar ƙungiya shawara, idan an zo rabon tallafin karatu a ware kaso na musamman domin 'yan matan ƙauye, a kuma nemi tsofaffin ɗalibanmu mata, malamai da ma'aikatan jinya da ungozomomi, kowace ta ɗauki ƙauye ɗaya ta zama jajinsa. Malamanmu da suka yi ritaya su ma suna da rawar takawa, domin maganarsu tana da nauyi a wurin iyaye.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da mahaifinta da 'yan'uwanta, ya jiƙan Hawa'u da Zaharatu da Halima da sauran 'Yan Taru waɗanda ba a rubuta sunayensu ba. Allah ya jiƙan malamanmu da abokan karatunmu da suka riga mu gidan gaskiya, mu kuma ya sa mu cika da imani, amin.